Ɓeran Baba Hassumi

"Baba, wannan abin naka kuwa yana ba ni sha'awa," na ce, ina durƙushe a gefen gadonsa, idona a kan kejin. "Da za ka ba ni shi, da na ji daɗi."

Ƙarya nake yi. Tun ina yarinya a Funtuwa ban taɓa ganin ɓera ba sai na rarumi tsintsiya. Amma haka muka shirya da maigidana, Malam Abdulwahab, tun kafin mu hawo, ga shi kuma tsaye a bakin ƙofa da kwanon miya a hannu, yana gyaɗa mini kai kamar na kawo hadda ba gyara.

Baba Hassumi ya ɗago kai. Ya dubi ƙafarsa ta dama, wadda ke naɗe da bandeji a kan matashi, ya dubi kejin, sannan ya dube ni. Ya daɗe yana kallona, har na sunkuyar da kai.

"Ɗantsoho kike so, ɗiyata?"

"Shi, Baba."

"To, ɗauki. Naki na." Sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai abu guda. Kada ki bar shi zaune hakanan. Wanga dabba ba yunwa ka kashe shi ba, zaman banza na."

"In sha Allahu, Baba."

Na sungumi kejin, na riƙe shi nesa da jikina. Malam ya ajiye miyar ya ce, "Khalas, shi ke nan, Baba, yanzu sai ka huta." Muka sauko muna jin mun yi abin kirki. Ni har da ɗan alfaharina, don ban san na iya ƙarya haka ba.

Wannan a ƙarshen shekarar 1983 ne. Muna zaune a unguwar Darrasa, cikin Alƙahira, a hawa na uku na wani tsohon gida da ke bayan shagunan masu sayar da littattafai. Malam yana shekara ta uku a jami'a yana karatun shari'a, ni kuwa ina shekara ta biyu a tsakanin bango huɗu, Larabcina bai wuce na sayen tumatir ba. Baba Hassumi yana can sama da kowa, a sutuh, wato rufin gidan inda ake shanya. Akwai 'yan ɗakuna uku a can da aka gina don wanki, daga baya aka riƙa zuba talakawa a ciki. Nasa ne na ƙarshe, kusa da tankin ruwa.

Mutumin Tawa ne, a Nijar. Ya bar gida da ƙafa zai tafi Makka tun ba a haife ni ba, shi da matarsa A'i. Ita a Sudan ta tsaya, a can aka binne ta. Shi ya isa, ya sauke farali, a hanyar dawowa guzuri ya ƙare masa a Misira, ya ce bari ya ɗan yi aiki na shekara guda. Shekarar ce ta zama talatin da wani abu. Ya yi kuku a gidajen Turawa a unguwar Ma'adi har hannunsa ya fara rawa. Ba ɗa, ba jika, ba wanda ke aiko masa da wasiƙa. Iyalin da ya yi wa aiki na ƙarshe, da za su koma ƙasarsu, suka bar masa bargo biyu da tukunyar shayi da dabbar 'yarsu.

Su hamsta suke ce masa. Mu dai ɓera muka gani: ɗan dunƙule mai ruwan zuma, ba wutsiyar kirki, kumatu kamar aljihu, yana cusa abinci a ciki har kansa ya ninka. Ɗalibai Hausawa na layinmu ne suka raɗa masa suna Ɗantsoho don tsokana, wai Baba ya samu ɗa da tsufa. Baba bai yi fushi ba, ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Ba ajiye ɓeran ne ya fi ba mu dariya ba, hidimar da ake yi masa ce. Kullum da hantsi za ka ji takun Baba yana saukowa, sanda na buga matakala. Zai fara da kafintan bakin layi ya ciko jaka da garin katako. Daga nan ya bi masu ɗinkin littattafai, su tara masa guntayen kwali da bututun takarda. Sai ya tsaya wajen Ummu Sabir mai kayan miya, wata ƙatuwar Bamisiriya mai muryar maza, su yi faɗan da suka saba a kan ganyen latas biyu da ɗan karas, ta zage shi, ta ba shi, ta ƙara masa da kokwamba. Kafin azahar ya hawo, yana hutawa a kowane hawa. A ƙofarmu yakan yi gyaran murya, in miƙo masa ruwa.

Bayan la'asar kuma sai gini. In na hau kwashe shanya nakan tarar da shi zaune a tabarma da almakashi da ɗan kwanon ƙullun fulawa, yana haɗa ramuka da tsani da 'yan ɗakuna na kwali. Ya yi wa ɓeran wata ƙafar keke da gwangwanin madara da wayar keke, ɓeran ya shiga ciki ya yi ta gudu ba ya zuwa ko'ina. Duk bayan kwana uku Baba zai rushe ginin gaba ɗaya ya sake wani fasali. Abinci ma ba ya zuba masa a kwano. Sai ya ɓoɓɓoye 'ya'yan kankana da gyaɗa a lungu-lungu, ya ce a nema.

"Baba, ai wannan wahalar da bawan Allah ne," na ce masa wata rana. "Ka ba shi mana ya ci."

"In na ba shi ya ci, sa'annan ya yi mi?" in ji shi. "Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kihi."

Na yi dariya na kwashi zannuwana. Ban ga komai a maganar ba sai rigimar tsufa.

A watan Disamba ya zame a matakala, da jakar garin katako a hannu. Ƙashin idon sawunsa ya tsage. Likitan unguwa ya zo ya ɗaure, ya ce a huta mako biyu, bayan nan kuma dole a riƙa takawa da sanda ko da zafi. Ya maimaita "dole" ɗin sau biyu, ina tsaye na ji. Amma a rana ta uku sai bawwab, mai tsaron ƙofar gidan, ya tsinci Baba a hawa na biyu yana saukowa da jan gindi, ya rataya jaka a wuya, wai kejin ya jiƙe, za shi wajen kafinta. Bawwab ya tara mana jama'a. Yana ɗaga hannu sama yana tambaya, ina mutanen wannan dattijo? Haka ake yi a ƙasarku?

Wannan magana ta ƙona Malam ƙwarai. Da yamma ya kira abokinsa Atiku, wanda suke aji ɗaya, suka zauna a falonmu kamar masu yanke hukuncin gado.

"Abin kunya ne," in ji Malam. "Mu goma sha ɗaya a layin nan, a ce tsohonmu yana jan gindi a gaban Misirawa saboda ɓera."

"Ɓeran da shari'a ta halatta kashe shi ko a cikin Harami," in ji Atiku.

"Ba kashewa za a yi ba. Raba su za a yi, har ya warke."

"To wa zai kalli idon Baba ya ce masa ba zai iya ba?"

Ba mai iyawa. Ba a ce wa babba ya gaza. Sai Malam ya juyo ya dube ni, ya ce ai akwai hanya: abin da 'ya ta roƙa da bakinta, uba ba ya hanawa. Ni Hindu in je in ce ina so. Haka aka yi, kuma na riga na faɗa muku yadda ta kaya.

Daga ranar muka ɗauki jinyar Baba kamar gasa. Ni ke da abinci sau uku. Atiku ke kai ruwan ɗumi na alwala har gado. Wani ke wanki, wani ke zubar da fo, wani ke zuwa ya karanta masa Ƙur'ani bayan magariba. Na share ɗakin tas, na tattara tarin kwalayen da ke ƙarƙashin gado na ba mai sayen tarkace da ke wucewa da amalanke. Almakashin ma na sauko da shi, kada ya yanke hannu. Ko kofi ya miƙa hannu zai ɗauka, sai wani ya riga shi.

"Kwanta, Baba, muna nan."

Wannan kalma na faɗe ta ta fi sau ɗari, kuma kowane lokaci da zuciya ɗaya na faɗe ta. Shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Da mako biyu suka cika, ina ɗakin ya ce in miƙo masa sandarsa. Na miƙa. Ya dafa ta ya zauna a bakin gado, ya zuro ƙafafu ƙasa, yana laluben takalmi.

"Ina za ka, Baba?" na tambaye shi. "Me kake so a kawo maka? Faɗi, yanzu a kawo."

Ya dubi kusurwar da kejin yake a da, inda yanzu na jera kwanuka. Babu abin da yake nema a ƙasa. Garin katako na wa? Latas na wa? Ya daɗe zaune da takalmi ɗaya a ƙafa, sannan ya zare shi, ya jingine sandar da bango.

"Ba komi, ɗiyata," in ji shi. Ya koma ya kwanta.

Ɗantsoho kuwa yana kicin ɗina, a ƙasa, tsakanin tukunyar gas da bango. Ban zalunce shi da yunwa ba, Allah ya sani. Na yi masa karamcin baƙo. Shinkafa, burodi, ragowar wake, kullum kwanonsa a cike. Da ginin kwalin ya jiƙe ya fara wari na kwashe na zubar, na shimfiɗa masa tsohuwar jarida. Gwangwanin nan kuma in dare ya yi sai ya kama ƙara, ƙiii-ƙiii, ga Malam yana fama da jarrabawar Janairu. Kwana huɗu ya jure. A na biyar ya ɗauko zaren ɗinkina ya ɗaure gwangwanin da wayar kejin tam, ya ce bayan jarrabawa a kwance. Jarrabawa ta wuce, ba wanda ya tuna.

Da farko ɓeran ya yi ta gwaguyar wayar keji, wuri ɗaya, har bakinsa ya yi ja. Ya yi ta zagaye, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Daga baya ya daina. Na ce alhamdu lillahi, ya saba. Ya yi ƙiba, gashin bayansa ya fara zuba, ya samu lungu guda ya lafe.

Baba bai taɓa cewa in dawo masa da shi ba. Zagaye yake yi.

"Ina baƙon naki?" yakan tambaya in na kawo koko.

"Lafiya lau, Baba. Sai ƙiba yake yi."

"Ƙiba," in ji shi. "Madalla."

Wata rana ya ce, "Ummu Sabir tana ba da ganye kyauta, in kin ce ni na aiko ki." Na ce to. Ban je ba, don tsoron bakinta nake ji. Wata rana kuma ya ce, "Shina son a ɓoye mishi abinci." Na ce to. Wata rana ya tambaye ni ko gwangwanin yana damunmu da ƙara, ya ce ɗigon man girki ɗaya ya isa. Na ce a'a, ko kaɗan ba ma jin ƙararsa. Wannan kam gaskiya na faɗa.

Sanyin shekarar ya yi tsanani. A Fabrairu iskar da Misirawa ke kira ta Amshir ta taso, tana kaɗa ƙofar ɗakin Baba tana shigowa ta ƙarƙashi. Ya rage cin abinci. Kwanon rana nakan tarar da shi yadda na ajiye, man ya daskare a sama. Ya rage magana. In ɗalibai sun zo gaisuwa ya ce musu lafiya lau, ya sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya ya fuskanci bango. Sai tari ya shigo. Da na zo canza masa zanen gado na ga bayansa ya yi gyambo wuri biyu, shi ne muka sake kiran likita.

Likitan ya ɗaga bargo, ya matsa ƙafar, ya sa abin sauraro a ƙirji. Ya juyo kanmu, fuskarsa ta canza.

"Ƙashin ya warke tun tuni," ya ce da Malam. "Wa ya ce ku kwantar da shi wata biyu?"

"Hutawa muke so ya yi, ya doktor."

"Hutawa! Ruwa ya taru a ƙirjinsa. Yalla, ku tashe shi."

Malam da Atiku suka kama shi ta hammata suka ɗaga. Ƙafafun nan da suka taka daga Tawa zuwa Makka suka lanƙwashe kamar tsumma. Suka sake gwadawa, haka. Baba yana ta cewa, "Ma'alish, 'ya'yana, ma'alish," wato mu yi haƙuri, kamar shi ya yi mana laifi.

Likitan ya rubuta magani. A bakin ƙofa ya tsaya ya tambaya, da can me ke fitar da tsohon nan waje? Masallaci? Gidan gahawa? Abokai? Ko mene ne, a nemo masa shi. Malam ya ce masallaci ne. Ni kuwa na san amsar tana kicin ɗina kusa da tukunyar gas.

Da muka sauko na ce, "Malam, mu mayar masa da ɓeransa."

"Kyautar da ya ba ki da hannunsa?"

"Ai ba so nake ba. Kai ma ka sani."

"Ni na sani, shi bai sani ba. In kika mayar, kin ce masa ke nan kyautarsa ba ta yi miki ba, ko kuma ƙarya kika yi masa tun farko. Wanne za ki zaɓa? Ba a mayar da hannun kyauta baya, Hindu. Bari ya ɗan ji sauƙi tukuna."

Kwana uku na yi ina juya maganar. Ina ma a ce Malam ne ya hana ni, da na samu wanda zan ɗora wa. Kunya ce ta riƙe ni. Na kasa tunanin yadda zan tsaya gaban tsohon nan in ce, Baba, ban taɓa son abinka ba, wayo muka yi maka. Kwana uku cur, mutum yana can sama yana ƙarewa, ni ina nan ina tattalin fuskata.

A rana ta huɗu, da Malam ya fita lacca, na ɗauki kejin na hau. Rana ta fito amma ba ta da zafi. Na yi sallama na tura ƙofa. Yana kwance rigingine, numfashinsa yana fita da wani ƙara kamar ana jan ruwa da tsinke. Da ya ga abin da ke hannuna, ya yunƙura da kansa, ba wanda ya taimake shi, ya dafa gwiwar hannu ya tashi zaune. Rabon da in ga ya yi haka an fi wata.

"Kawo shi nan," ya ce. "Buɗe."

Na ɗora kejin a kan bargo na buɗe. Ya zura hannu ya shimfiɗa tafinsa, yana ɗan tsotsar leɓe kamar yadda ya saba kiransa. A da, kafin ya rufe baki ɓeran ya haye hannun ya bi hannun riga har kafaɗa. Yanzu ya ɗago kai kawai, ya shinshina iska, ya mayar. Baba ya kai yatsa ya shafa wurin da gashin ya zube. Ya dubi jaridar da ke ƙasa. Ya dubi kwanon shinkafa. Daga nan idonsa ya sauka a kan gwangwanin, da baƙin zaren da aka naɗe shi da shi.

Ya kama ƙullin da farce yana son kwancewa. Hannun yana rawa, ƙullin Malam kuma ba na wasa ba ne. Ya yi ta fama. Na sunkuya na sa haƙori na tsinke zaren. Baba ya tura gwangwanin da yatsa, ya juya sau biyu, ya yi 'yar ƙararsa, ya tsaya. Muka jira. Ɗantsoho bai ko kalli wajen ba.

"An ɗaure mishi," in ji Baba, ba da faɗa ba.

"Baba, ka yafe mini." Kuka ya ƙwace mini. "Ƙarya na yi maka. Ban taɓa son sa ba. So muka yi ka huta."

"Na sani, ɗiyata."

"Ka sani?"

"Tun randa kinka ɗauke shi. Mai son abu ba ya riƙe shi nesa da jiki haka."

"To don me ka ba ni?"

"Kin roƙa. Ga mijinki tsaye. In ce a'a, in kunyata ki?"

Na ce to ga shi na dawo da shi, ya karɓi abinsa. Na ce yau ɗin nan zan je wajen kafinta, zan je wajen masu littattafai, almakashinsa yana nan a ajiye, zan hawo da shi. Ina magana ina haɗa kalmomi kamar mai rantsuwa a gaban alƙali. Ya bar ni har na gama.

"Shekara talatin ina zama bayan malamai cikin masallacin can," ya ce. "Ban iya karatu ba, amma na ji abin da anka ce game da wanda ya yi kyauta ya koma ya amshe. Ba ni zuwa gaban Allah da wanga, ga ni bakin hanya." Tari ya sarƙe shi, na riƙe masa kofi, wannan karon bai ko miƙa hannu ba. Da ya lafa ya ce, "Kuma ko na amsa, dubi hannun. Dubi shi shi ma. Ya huta, ɗiyata. Dukanmu an hutar da mu."

Ya zare hannunsa daga kejin, ya rufe 'yar ƙofar da kansa, ya sa sakatar.

"Tahi da abinki. Iska na shigowa, sanyi zai kama shi."

Na roƙe shi ya bar shi ya kwana ko ɗaya. Ya riga ya zame ya kwanta, ya rufe ido. Na tsaya riƙe da kejin a tsakiyar ɗakin, wannan karon a ƙirjina, ban san inda zan sa kaina ba. Garin neman gira mun rasa ido, kuma ba wanda zan kai wa ƙara.

Na je wajen kafintan a ranar, na je wajen masu littattafai. Na zauna a kicin da almakashin Baba na yi ta yanka kwali, abin da na haɗa bai yi kama da komai ba. Na ɓoye gyaɗa a ciki. Washegari na tarar da ita inda na sa ta.

Baba Hassumi ya rasu bayan kwana biyar, ranar Talata, tsakanin azahar da la'asar. Atiku ne a wurin. Ya ce Baba bai yi wata magana ba, ya dai nemi a juya shi ya fuskanci alƙibla, da kalmar shahada a bakinsa.

A rufin Malam da ɗaliban suka yi masa wanka, a bayan zannuwan da aka kare da su. Makara ba ta iya juyawa a matakalarmu saboda ƙunci, sai aka bar ta a ƙasa, suka naɗo shi a cikin bargonsa su huɗu. A kowace kwana dole sai sun tsayar da shi tsaye kafin su iya juyawa. Ina leƙe ta ƙofarmu lokacin da suka iso hawa na uku. Suka ɗaga shi ya miƙe sosai cikin likkafani, tsawonsa guda, daidai inda yakan tsaya ya yi gyaran murya. Malam yana haki yana cewa, "A hankali, a hankali." Suka juya da shi suka wuce.

Da yake ba shi da kowa, a falonmu aka yi zaman makoki. Maza a waje a kan kujerun da bawwab ya jera, mata a ciki. Matan ɗalibai suka zo, da wata dattijuwa, Inna, Bahaushiyar Sudan da ta san shi tun zuwansa, ta taso tun daga unguwar Ainu Shams. Can sai ga Ummu Sabir cikin baƙaƙen kaya, ta cika ƙofa, idanunta jawur. Ta ce wata biyu tana ajiye masa ganye yana bushewa. Ta dubi ɗakin ta tambaya, ina danginsa, wa za ta yi wa ta'aziyya?

Sai Inna ta nuna ni.

"Ga 'yarsa nan," ta ce. "Ita ta yi jinyarsa. Wallahi ko tsinke yarinyar nan ba ta bar shi ya ɗauka ba."

Ummu Sabir ta rungume ni har na ji ƙashina. Matan suka ɗauka, Allah ya saka miki, Hindu, Allah ya ba ki masu yi miki. Ina cewa amin, amin, don ba wata amsar da ake bayarwa. Can na ce bari in duba ruwan shayi.

Na shiga kicin na turo ƙofa. Na durƙusa tsakanin tukunyar gas da bango, yadda ake durƙusa wa wanda aka yi wa rasuwa.

"Ɗantsoho," na ce, "sai haƙuri. Baba ya rasu."

Yana lungunsa, ya ba ni baya, kumatunsa cike da abincin da bai haɗiye ba. Na zura yatsa ta tsakanin waya na taɓa shi. Bai juyo ba. Haƙarƙarinsa kaɗai ke motsi, sama da ƙasa, a hankali.